Yadda Ake Sayen Ƙaramin Jirgin Ƙasa Mai Tururi, Da Tuƙa Shi, Da Sayar Da Shi

Ranar da na fara ganin abin nan a wani filin shaƙatawa a nan Ingila na ɗauka irin jirgin yara ne mai batir, sai da na matso naji zafi ya bugi ƙwaurina, ga warin kwal ga na mai, wani dattijo da hularsa duk toka yana zaune a bayan kan jirgin da tsawonsa bai wuce bencin makaranta ba, yana ɗiban kwal da wani ɗan shebur kamar cokalin miya yana jefawa a murhu. Ya busa usur ya buɗe totur, abin nan ya ja manya da yara cike da tarago biyu ya haye tudu da su yana huci. Tun daga ranar abin ya shiga raina.

Jirgin gaske ne fa, girmansa kawai aka rage. Wutar ta gaske ce, tururin na gaske ne, in ya ƙona ka ma ƙunar ta gaske ce. Shi ya sa nake so duk ɗan uwan da abin ya burge shi ya san me zai shiga kafin ya zaro kuɗi, kuma in ba zaka riƙe komai daga rubutun nan ba to ka riƙe wannan, tukunyar ruwan nan da ake ce wa boila ita kake saye, ita da takardunta. Fenti da ƙyalƙyalin tagulla rakiya suka yi.

Mataki na farko: kar ka sayi komai tukuna

Ka nemi kulob ka shiga. A Birtaniya da wuya ka samu babban gari da babu ƙungiyar masu wannan harkar, yawanci layinsu na cikin filin shaƙatawa na gari, kuma kusan dukkansu suna ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi irin su Federation of Model Engineering Societies ko Northern Association of Model Engineers, ta nan ake samun inshora. A Amurka akwai irin su Los Angeles Live Steamers da ke Griffith Park, akwai kuma Train Mountain a jihar Oregon da layinsu ya haura mil 30. Ostireliya da Jamus da Japan duk akwai su.

Kulob ne zai baka layin da zaka hau, shi zai baka mai gwada tukunya, shi zai rufe ka da inshora in ka ɗauki 'ya'yan mutane. Abin da ya fi duka kuma, a can zaka samu dattawan da suka shekara talatin arba'in suna wannan abin, in ka yi musu shara ka ɗauko musu ruwa da kwal na 'yan watanni wallahi su da kansu zasu ɗora ka a kan jirginsu su koya maka, kuma in wani zai sayar da nasa a kunnenka za a fara faɗa. Jirage masu kyau da yawa ba sa ma kaiwa kasuwa, a ɗakin shan shayin kulob ake gama cinikinsu.

Mataki na biyu: faɗin layi

Faɗin layi shine tazarar da ke tsakanin ƙarfen dogo biyu. Don ka gane, layin dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Su waɗannan ƙananan kuma ana maganar inci 3½, inci 5, da inci 7¼, sune aka fi yi. Sama da su akwai inci 10¼ da inci 15, amma wannan ya fita daga wasan mutum ɗaya, kamar layin Romney, Hythe da Dymchurch na Kent da aka buɗe a 1927, mil 13 da rabi, wannan kamfani ne sosai da ma'aikata da tashoshi.

Mai inci 3½ mutum ɗaya zai iya ɗaga shi, zai ja ka kai da yaro ɗaya ko biyu, amma murhunsa ƙarami ne sosai, wutar kan mutu kafin ka ankara. Mai inci 5 ni a ganina shine daidai da sabon shiga, nauyin matsakaicinsa kamar buhun siminti ne ko ya ɗara kaɗan, mutum biyu zasu saka shi a but ɗin mota. Waɗannan biyun yawanci a kan layi mai ƙafafu ake tuƙa su, an ɗaga dogon sama ka hau tarago kamar ka hau jaki ƙafafunka na reto. Mai inci 7¼ a ƙasa yake tafiya, ya fi daɗin zama ya fi ƙarfi, murhun ya fi haƙuri da kuskure, amma nauyi sai ka ji kilo 200 zuwa sama, kenan sai tirela ko motar kaya, sai teburin ɗagawa, sai gareji. Mutane da yawa sun sayi babba saboda sha'awa ya ƙare a gareji shekara guda bai fita ba don ba mai taya su ɗauka.

Wani tarko ga wanda ke Amurka ko zai sayo daga can: yawancin Amurka inci 7½ suke amfani da shi, arewa maso gabashin ƙasar ne ke kan 7¼ kamar Birtaniya. Rubu'in incin nan kaɗai ya isa ya hana jirginka hawa layin kulob ɗinku. Ka tambayi faɗin layin inda zaka riƙa zuwa, da kuma tsananin kwanarsu, don dogon jirgi mai ƙafafu da yawa baya shan matsattsiyar kwana.

Mataki na uku: wane iri

Hanya uku ce. Ko ka ƙera da kanka daga zane, wannan sai kana da injin sassaƙa ƙarfe da shekaru na haƙuri. Ko ka sayi wanda aka yanka aka gama sai dai ka haɗa da sifana, irin na kamfanin Polly. Ko ka sayi na hannu wanda ke aiki. Ni na ukun nake ba sabon shiga shawara.

Kuma ka nemi zanen da kowa ya sani. A inci 5 akwai Simplex na Martin Evans mai ƙafa shida, akwai Sweet Pea na Jack Buckler mai ƙafa huɗu, a inci 7¼ akwai Romulus. An ƙera su da yawan gaske, zanensu na nan ana sayarwa, kayan gyaransu na nan, duk matsalar da zata same ka ta taɓa samun wani a kulob ɗinku. Akwai kuma zane-zanen Curly Lawrence wanda aka fi sani da LBSC, mutumin da ya yi ta koya wa talakawa wannan aikin a mujallu har ya rasu a 1967, amma ɗan ƙaraminsa da ake kira Tich kar arharsa da kyansa su ja ka, riƙe wutarsa sai gwani.

Wanda aka fara ƙerawa ba a gama ba kuwa, a ce maka ai saura kaɗan, ka yi hattara. Sauran kaɗan ɗin nan shine bututai da bawul-bawul da saitin tururi, kuma baka san kuskuren da mai shi ya binne a ciki ba har ya gaji ya ajiye.

Mataki na huɗu: tukunya

Nan zan daɗe. Ruwan da ke cikin tukunya a matsin psi 100 (psi shine ma'aunin matsi) zafinsa ya kai digiri 170 na Salshiyas, matsin ne kawai ya hana shi zama tururi, in tukunyar ta tsage wani kaso nasa zai juye tururi a lokaci ɗaya, kuma ruwa in ya zama tururi a sarari yana kumbura kusan sau 1,600. Wannan abin a tsakanin gwiwoyinka yake, da yara a bayanka.

Tukunya iri biyu ce. Ta jan ƙarfe wadda ake haɗawa da waldar azurfa, ita aka fi sa wa ƙananan, bata tsatsa, in an kula da ita sai ta yi shekaru masu yawa. Sai ta baƙin ƙarfe da aka fi sa wa manya, ta fi arha a girma amma tsatsa na cin ta daga ciki inda ido baya gani, don haka shekarunta ƙidayayyu ne, in tsohuwa ce ka nemi a auna kaurin bangonta da na'ura.

A Birtaniya kulob-kulob na bin ƙa'idar gwajin tukunya ta 2018. Sabuwar tukunya ana cika ta da ruwan sanyi taf a matsa da famfon hannu har ninki biyu na matsin da zata yi aiki da shi. Bayan nan gwajin ruwa na gaba ninki ɗaya da rabi ne, ta jan ƙarfe duk shekara 4, ta baƙin ƙarfe bayan shekara 4 na farko sai duk shekara 2. Da ruwa ake yi don ruwa baya matsuwa, in wani wuri ya saki tsartuwa kawai zai yi. Sai gwajin wuta wanda baya wuce wata 14, a hura wuta sosai a tabbatar bawul ɗin tsaro na fitar da tururi yadda matsi ba zai haura kashi 10 cikin ɗari a kan iyaka ba, a duba agogon matsi, a duba gilashin ruwa wanda ke nuna inda ruwa ya tsaya a tukunya, a tabbatar akwai hanya biyu daban-daban na tura ruwa cikin tukunya kuma duk suna aiki. A Ostireliya ƙa'idar kwamitinsu na tsaron ƙananan tukwane, wato AMBSC, ake bi. Ko ina kake ka nemi ta wurinku.

To in ka je duba jirgi, kafin ka yaba fenti ka ce a baka takardu. Ka nemi lambar da aka buga a jikin tukunyar ka haɗa ta da ta takarda da idonka. Ka tambayi wa ya ƙera ta, kamfani ne ko mutum a garejinsa, in mutum ne wane kulob ne ya duba aikin lokacin da ake yi, in kamfani ne kuma daga 2002 zuwa yau ya kamata ka ga tambarin cika ƙa'idar tsaro, CE na Turai ko UKCA na Birtaniya, da takardarsa. Sannan ka haska tocila cikin murhu. Rufin murhun ya zama a miƙe, in ya lotso ƙasa alamar an taɓa barin ruwa ya ƙare wuta ta gasa shi. Ka duba kan 'yan sandunan da ke riƙe bango da bango, in ka ga farin gari ko kore-kore ya taru a kansu to ruwa na tsattsafowa. Ka buɗe akwatin hayaƙi na gaba ka duba bakin bututan wuta haka nan. In tsohon jirgi ne sosai kar ka yaye rigar tukunyar da kanka, a da da asbestos ake naɗe wasu, ƙurarsa na lalata huhu.

Jirgina na farko a nan na ci karo. Mai shi mutumin kirki ne a fuska, ya ce takardun sun ɓace wajen ƙaura amma bara ma ya hura shi, jirgin kuma kore shar yana sheƙi, farashin ya yi ƙasa da na kasuwa, na biya na ɗauko ban kira kowa ba. Ranar gwaji mai duba tukunyar kulob ɗinmu ya cika ta ya fara jan famfo, allurar agogon matsi ta hau ta hau sai ta fara dawowa a hankali, ya miƙo min ƙaramin madubi ya ce in leƙa. Ɗigo uku na gani a rufin murhu sun yi layi suna taruwa suna faɗowa kan rariyar da kwal ke zama a kai. Bai ce komai ba ya cire famfonsa. Sabuwar tukunyar jan ƙarfe ta inci 5 daga kamfani dubban fam ce, ga jiran layi na watanni, abin da na kashe ya fi kuɗin jirgin. Har yau in na tuna raina na sosuwa, don da na ɗauki dattijon nan mun je tare da awa ɗaya ta ishe shi ya gano.

Don haka jirgin da ba takarda, ka yi masa kuɗin jirgin da ba tukunya, ko ka ce a gwada a gaban mai duba na kulob ɗinku kafin kuɗi su fita. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Mataki na biyar: ƙasan jirgi da ciniki

Ka kama sandunan da ke haɗa ƙafafu ka girgiza, ɗan motsi kaɗan dole ne, amma in suna ƙwal-ƙwal to bushin ya cinye. Ka tura shi a kan dogo da hannu ka ji ko akwai inda yake cijewa. Ka duba leɓen ƙafafun ko ya cinye ya yi kaifi. Sannan a hura shi ka gani da kaya a bayansa, don jirgin da ke juyi a kan benci da iskar kwamfuresa bai gaya maka komai game da tukunyarsa ba. Ka saurari numfashinsa, a kowane juyin ƙafa mai silinda biyu huci huɗu yake yi daidai wa daida, in kaji yana ɗingishi saitin bawul ya goce. Irin waɗannan duk ana gyarawa da kuɗi kaɗan, sai dai su zama abin neman ragi.

Wajen saye akwai kulob, akwai dillalai irin Station Road Steam da ke Lincolnshire, akwai gidajen gwanjo, akwai eBay. Dillali ya fi tsada amma zai gaya maka matsayin takardu a fili. A gwanjo ka tuna akwai la'adar da ake ɗora wa mai saye a kan kuɗin da aka buga, kuma ba a hura maka. Kafin ka taya komai ka yi wata biyu uku kana bin farashin irin wanda kake so. Kuma ka ware kuɗin taragon da zaka zauna mai birki, da fankar tada wuta, da abin ɗauka, mutane na mantawa da su. A mota ka ɗaure shi tam ta gaba da baya a kan katako mai dogo, ƙarfe mai nauyin buhun siminti in ka taka birki da ƙarfi kujera bata tare shi.

Mataki na shida: hura wuta

Ka fara da mai. Duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe ka ɗiga masa. Tankin man silinda kuma man tururi ake zuba masa, mai kauri lamba 460 ko 680 wanda aka haɗa da kitse, baƙin man mota tururi wanke shi yake yi ya bar fistin a bushe. Sai ruwa, ka cika tukunya har rabin gilashi ko ya ɗan ɗara. Ruwan sama da aka tace ya fi, ruwa mai gishiri-gishiri na barin farin dutse a ciki kamar na butar shayi, ya toshe komai. Ka tabbatar totur a rufe, libar gaba da baya a tsakiya, birki a ɗaure, 'yan famfunan ƙasan silinda a buɗe.

Ka ɗora fankar batir a kan bututun hayaƙi ta riƙa zuƙo iska. Ka samu gawayi da ka jiƙa da kananzir tun jiya, kananzir fa, ban da fetur ko kaɗan, ka shimfiɗa a rariya, ka kunna shebur ɗaya ka jefa ka rufe ƙofa. In gawayin ya kama ja sai ka fara yafa kwal kaɗan-kaɗan, ƙananan ƙwayoyi kamar girman gyaɗa ko gurjiya ga mai inci 5. Kwal ɗin Wales mai ƙarancin hayaƙi shi kowa ke so, amma tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran a ƙarshen 2023 ya yi wuya, ka tambayi 'yan kulob me suke ƙonawa yanzu ka bi su. A wurare masu bushewa a Amurka da yawa sun koma gas saboda tartsatsi, kuma duk mai tunanin kai irin wannan gida Kano ko Maraɗi ya sa wannan a ransa, tartsatsin kwal da busasshiyar ciyawar hunturu ba sa haɗuwa, sannan tun kafin ya loda shi ya san wa zai riƙa gwada masa tukunya a can.

In allura ta kai wajen psi 30 sai ka cire fankar da safar hannu don ta yi zafi, ka buɗe zugazugin jirgin, wato ɗan bawul ɗin da ke hura tururi sama ta bututun hayaƙi yana jan wuta. Kar ka yi gaggawa, ƙarfe na son ya ɗumama a hankali. Kafin ka motsa ka gwada abu uku: ka buɗe famfon ƙasan gilashi ka ga ruwan ya sauka ya dawo da sauri, in ya dawo a hankali gilashin ya toshe ƙarya yake maka. Ka gwada injekta, wato na'urar da ke tura ruwa cikin tukunya da ƙarfin tururi, ka gwada famfon hannu shi ma. Ka jira bawul ɗin tsaro ya tashi a daidai jan layin da ke kan agogo. In ɗaya ya ƙi, ranar ba fita.

Mataki na bakwai: tuƙi

Liba gaba, saki birki, busa usur, buɗe totur kaɗan. Ruwa da tururi zasu feso ta ƙasan silinda, ka bar su na 'yan mitoci sannan ka rufe, don ruwan da ya kwanta a silinda in fistin ya matse shi yana iya fasa murfi. In ƙafafu suka yi santsi suna juyi a wuri ɗaya ka rufe totur ka sake buɗewa a hankali. In ya ɗauki hanya ka ɗan jawo liba baya zuwa tsakiya, zai rage shan tururi kamar ka sa babbar giya.

Daga nan aikin duka rabon hankali ne tsakanin wuta da ruwa da matsi da hanya, kuma kowanne na taɓa ɗan uwansa, ka zuba kwal da yawa ka danne wuta matsi ya faɗi, ka tura ruwan sanyi matsi ya faɗi, ka ƙi turawa ruwa ya ƙare. Kwal kaɗan-kaɗan akai-akai, ka cike kusurwoyi, kar ka bar rami a wutar inda iska mai sanyi zata shigo. Injekta ruwa ake fara buɗe mata sannan tururi, in ta kama zaka ji tana wani siririn kuka kuma ta daina zubarwa ta ƙasa, in ta ƙi yawanci ta yi zafi ne ko ruwan tankin ya ɗumama, ka bar ruwan sanyi ya bi ta cikinta. Kafin ka rufe totur ka ɗan buɗe zugazugi, in ba haka ba wutar na iya dawowa ta ƙofar murhu ta lashi hannunka.

Gilashin ruwa kuwa idonka kar ya bar shi. Kuma ka san halinsa, in kana hawa tudu ruwan na gangarowa baya sai gilashi ya nuna maka a cike, kana kaiwa gangara ya kwashe ya yi gaba ya bar rufin murhu. Don haka tun kana hawa ka san abin da ka gani ya fi abin da ke akwai. Cikawa da yawa ma matsala ce, ruwa zai bi tururi ya feso ta bututun hayaƙi ya wanke mai ya ɓata wa fasinja kaya. In kuma ka duba ka ga ba ruwa a gilashi sam, ka tsaya nan take, ka sauke mutane, ka zare rariya wutar ta zube ƙasa. Kar ka tsaya kana lissafi ko kunyar mutane.

Gudu bai wuce sassarfar mutum ba. Walt Disney, mai kamfanin finafinan katun ɗin nan, ya taɓa yin irin wannan layin mai inci 7¼ a bayan gidansa a Los Angeles daga 1950, jirgin ya sa masa suna Lilly Belle, a 1953 wani baƙo ya sha kwana da gudu jirgin ya kife tururi ya ƙona wata ƙaramar yarinya, daga nan ya rufe layin. Ka gaya wa fasinja kafin a tashi, ba miƙa hannu, ba jan ƙafa a ƙasa, ba leƙe gefe, mai doguwar riga ko mayafi ya tattare. Kulob da yawa ba sa barin ɗan ƙasa da shekara 16 ya ja mutanen waje, kuma kai ma sai sun gwada ka.

Bayan an tashi

Ka zubar da wuta a inda aka tanada, ka bari matsi ya sauka sosai sannan ka buɗe bawul ɗin ƙasa ruwan ya fita da dattinsa, ƙafarka nesa da bakinsa. Ka zura buroshi a kowane bututun wuta, ka kwashe tokar akwatin hayaƙi don toka da danshi cin ƙarfe suke, ka goge jiki da tsumma mai mai tun yana da ɗumi. Ka ɗan sassauta bawul-bawul, in ka bar su a ɗaure suka huce sai su cije. Tukunyar baƙin ƙarfe a bar ta a bushe ƙayau a buɗe. Lokacin sanyi kuma ka tsiyaye famfo da injekta da agogon matsi, ruwa in ya daskare a ciki fasa su yake.

In ka tashi sayarwa

Ka sabunta gwajin ruwa da na wuta kafin ka sa shi a kasuwa, ba abin da ke ɗaga kuɗinsa kamar wannan. Ka haɗa duk takardun tun na farko a fayil ɗaya, da zane, da rasit, da ɗan littafin da kake rubuta ranakun hurawa da gyara in kana yi, kuma ya kamata ka riƙa yi. Ka wanke shi tas amma kar ka yi masa sabon fenti, masu saye na zargin sabon fenti. Hoto ka ɗauki har cikin murhu da akwatin hayaƙi da ƙasa, da bidiyonsa yana jan mutane. Farkon bazara kasuwar ta fi motsi, lokacin kowa na shirin fita.

Ka fara sanar da 'yan kulob. Dillali zai biya ka nan take ya zo ya ɗauka amma ƙasa da kasuwa, ko ya sayar maka ya cire la'ada, wannan ya fi sauƙi ga iyalan da aka rasu aka bar musu jirgi basu san kansa ba, kuma in irinsu suka nemi shawararka ka ji tsoron Allah ka faɗa musu kuɗinsa na gaskiya. In kai ka ƙera, ka sani awannin da ka zuba ba mai biyanka su. A intanet kuma duk wanda ya ce zai turo kuɗi fiye da farashi ka mayar masa da canji, ko zai aiko direba bai ga kaya ba, ɗan damfara ne, kuɗi su zauna a asusunka kafin jirgi ya bar gareji. Kar ka sa adireshin gidanka a talla, ana satar su.

Aibinsa kuma ka faɗa da bakinka ka rubuta a takardar ciniki, injektar hagu na gardama in ta yi zafi, bushin baya ya kusa canji, an taɓa gyara wuri kaza a tukunya a shekara kaza. Ku sa hannu ku biyu da lambar tukunya a jiki, shi kuma ya kai takardun kulob ɗinsu a mayar da su sunansa. Ranar da zai ɗauka ka haɗa masa da shebur da ƙarfen tonon wuta da buroshin bututu da fanka, don an yi su ne daidai bakin murhun wannan jirgin, in kuma sabon shiga ne ku hura shi tare sau ɗaya, ka zauna a bayansa ku zaga layi ka nuna masa inda ruwan ke tsayawa a gilashi in an fara gangara.